Darasin Mako: Yadda Ake Zaɓa Wa Tsohuwar Motar Ingila Filtar Baƙin Mai

A wannan mako gareji za mu shiga. Darasinmu a kan wani ɗan gwangwani ne da bai fi kofin shan koko girma ba, amma idan aka yi kuskure wajen zaɓensa, cikin 'yan mintoci yana iya kashe injin mota. Sunansa filtar baƙin mai, wasu kuma su ce matacin mai.

Abin da ya jawo darasin

A hutun da ya wuce na raka kawuna Sabon Birni, garejin wani dattijon bakanike, domin a yi wa motarsa juye. Motar tsohuwar Land Rover ce, irin wadda kakanninmu ke kira Landiroba, da ita yake jigilar gero da albasa zuwa kasuwanni. Kawu ya zo da sabuwar filta da ya saya a kasuwa. Mai sayarwa ya ce masa duk ɗaya ne, in dai ta shiga shi ke nan.

Dattijon ya karɓa, ya murza ta a mazauninta sau uku ko huɗu, sai ya tsaya ya kira ni.

"Yaro, zo ka kama nan ka girgiza."

Na girgiza, na ji tana ɗan motsi kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Baba."

"To, ta dace?"

Na yi shiru. Ya kwance ta ya miƙa wa kawu, ya ce, "Alhaji, da da wagga ka hau hanyar Isa, da sai an jawo ka."

Duk wanda ke zaune a Gangara ya san nauyin wannan magana. A halin da hanyoyinmu suke ciki, motar da ta mutu a daji bayan la'asar, asarar kuɗi ita ce ƙaramar damuwar mutanen da ke cikinta. Tun ranar nake bin diddigin bambancin "ta shiga" da "ta dace". Ga abin da na samo.

Mene ne aikin filta?

A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, sau dubbai a minti ɗaya. Abin da ke hana su cin juna shi ne baƙin mai. Famfon mai yana zuƙo shi daga kaskon da ke ƙasan inji, ya tura shi da ƙarfi ta ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ake guga. A can man yana zama wani siririn shimfiɗi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba.

Matsalar ita ce mai ba ya zama da tsabta. Yana kwaso ɓurɓushin ƙarfe, da baƙin hayaƙi, da ƙurar da ta kuɓuce wa filtar iska. A ƙasarmu ta Gobir, inda hazo ke rufe gari watanni kuma yawancin hanyoyin ƙauye rairayi ne, ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Rairayi ya fi ƙarfen inji tauri, shi ya sa da dutse ake wasa wuƙa. Man da ke ɗauke da shi wasa injin yake yi daga ciki.

Aikin filta shi ne ta tare wannan datti kafin mai ya isa inda ake bukatarsa. Ku tuna da rariyar da ake tace gasara. Sai dai rariyar inji takarda ce ta musamman, an nannaɗe ta kamar mafici domin takarda mai faɗi ta shige cikin ƙaramin gwangwani. Ana auna dattin da take tarewa da maikiron. Maikiron 1,000 ne ke yin milimita 1. Kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne, filtar takarda ta yau da kullum kuwa tana kama abin da ya kai maikiron 20 zuwa 40, wato abin da ido ba ya gani.

A shekarar 1923 ne wasu Amurkawa biyu, Ernest Sweetland da George Greenhalgh, suka fito da filtar mota da suka sa wa suna Purolator. Filtocin farko kaɗan daga cikin man suke tacewa a kowane zagaye. Daga baya aka koma tsarin da duk man da famfo ya turo sai ya bi ta filta. Wannan tsari ya fi tsabtace mai, amma ya ɗora wa filta nauyi babba, domin idan ta gaza, injin gaba ɗaya ya gaza.

Motocin da muke magana a kansu

An fara nuna Land Rover ga duniya a 1948, ana kuma ƙera ta a garin Solihull na Ingila. Irin ta kawuna, wadda ake kira Series III, an ƙera ta daga 1971 zuwa 1985. A zamanin da, irin waɗannan motoci ne ma'aikatan gona da na lafiya da 'yan sanda ke ratsa ƙauyuka da su.

Tana da 'yar ƙasarsu kuma sa'arta da za ta taimaka mana a darasin nan, wato MGB. Ita ƙaramar motar gudu ce ta shaƙatawa, mai kujera biyu, wadda ake iya naɗe rufinta. An ƙera ta a garin Abingdon kusa da Oxford daga 1962 zuwa 1980, an kuma yi fiye da rabin miliyan. Har yau a Turai da Amurka akwai masu adana ta suna hawa. Da mai MGB a Landan da mai Landiroba a Sabon Birni, ciwon kansu ɗaya ne. An daɗe da daina ƙera motarsu, an yi ta da ma'aunin inci, kasuwa kuma ta cika da kayan motocin zamani masu kama da nata.

Filta iri biyu ce

Iri na farko shi ne na da. Akwai kwanon ƙarfe da ke zama na dindindin, dogon noti ya ratsa tsakiyarsa ya riƙe shi. Idan za a yi juye sai a kwance kwanon, a jefar da takardar ciki, a wanke shi, a sa sabuwar takarda da sabuwar roba. Da wannan Land Rover Series III da MGB na farko suka zo.

Iri na biyu shi ne wanda muka saba gani yanzu, gwangwani rufaffe da ake murzawa a ɗaura, a kuma jefar da shi gaba ɗaya idan ya gama aiki. Ya fara yaɗuwa ne daga tsakiyar shekarun 1950. MGB ta koma irin wannan wajen 1970. Tsofaffin Land Rover da yawa ma an sauya musu mazauni domin su karɓi na murzawa, kamar yadda aka yi wa ta kawuna. Saboda haka tambayar farko ita ce: wane iri ne a jikin wannan motar da ke gabanka? Sunan mota kaɗai ba ya ba da amsa, sai an leƙa an gani, domin motar da ta shekara 40 ta bi ta hannun kanikawa da yawa.

Abubuwa biyar da ake dubawa

Na ɗaya: haƙoran ɗauri, waɗanda kanikawa ke ce wa tiredi. A nan filtar kawuna ta faɗi. Akwai awo biyu da suka fi yawa a kasuwa. Ɗaya na inci ne, ana rubuta shi 3/4-16, ma'ana faɗin bakin kashi uku cikin huɗu na inci ne, kuma akwai haƙori 16 a kowane inci. Ɗayan na milimita ne, ana rubuta shi M20 x 1.5, ma'ana faɗinsa milimita 20, tazarar haƙori da haƙori kuma milimita 1.5.

Mu yi lissafi. Inci 1 milimita 25.4 ne. Kashi uku cikin huɗu nasa ya zama milimita 19.05. Idan muka raba 25.4 da 16, tazarar haƙoran ta zama wajen milimita 1.59. Kun ga ke nan 19.05 da 20, sannan 1.59 da 1.5. Bambancin faɗin bai kai milimita 1 ba. Shi ya sa filta mai bakin milimita 20 take hawa kan ƙarfen inci, ta murzu har mutum ya ɗauka ta zauna, alhali bakin haƙoran kawai ta kama. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

MGB mai filtar murzawa 3/4-16 take amfani da shi. Amma kada ku ce duk motar Ingila inci ce, duk ta Japan milimita. Toyota da yawa 3/4-16 suke ɗauka, Honda kuma M20 x 1.5, ga shi duk ƙasarsu ɗaya.

Me zai faru idan aka bar ta haka? Idan inji yana gudu, ƙarfin turin mai yakan kai wajen kilo 4 a kan kowane murabba'in santimita. A ɗauka faɗin robar filtar santimita 7 ne. Da ƙa'idar da'ira da muka koya a ajin lissafi, filin da man ke turawa ya kai wajen murabba'in santimita 38. Idan aka ninka 38 sau 4 za a sami kilo 152. Kamar buhu ɗaya da rabi na gero ne ke rataye a kan waɗannan 'yan haƙora, ga kuma girgizar hanya. Ranar da suka saki, filta za ta fice, famfo ya watsar da man a ƙasa, kafin direba ya ankara inji ya buga.

Na biyu: robar baki. Kowace filtar murzawa tana da zoben roba da ke danne mazauninta. Dole faɗin zoben ya faɗa daidai kan sumul ɗin ƙarfen da aka tanadar masa. Idan ya fi shi faɗi ko ya gaza, mai zai yi yoyo ko da haƙoran sun dace. Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa bakin tsohuwar filta da na sabuwa, a ga ko robobin sun haɗu.

Na uku: bawul ɗin da ke hana mai komawa. Idan kuka leƙa ƙananan ramukan da ke kewaye da babban ramin tsakiya, za ku hango wata roba baƙa ko ja a bayansu. Aikinta kamar na robar famfon burtsatse ne, ta bar mai ya shiga, ta hana shi fita ta baya. A nan MGB ke koyar da mu darasi. A yawancin waɗanda aka ƙera daga wajen 1970 zuwa 1980, a kife filtar take zaune, bakinta na kallon ƙasa. Ku ɗauki kofi cike da ruwa ku kife shi, me zai rage? Idan babu wannan bawul, ko kuma ya lalace, da dare duk man filtar zai tsiyaye ya koma kasko. Da safe idan aka tayar da mota, sai famfo ya fara cika filta kafin mai ya isa inji. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe, ana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, jar fitilar mai kuma ta ƙi mutuwa da wuri. Wannan ba ya kashe inji a rana ɗaya. Kowace safiya yake rage masa kwana. Duk filtar da ke zaune a kife ko a kwance tana bukatar wannan bawul. Wadda ke rataye bakinta na kallon sama ba ta matsu da shi sosai ba.

Na huɗu: ƙofar gaggawa. Idan takarda ta toshe da datti, ko mai ya yi kauri saboda sanyin asubar hunturu, ba zai iya ratsa takardar da sauri ba. Domin kada inji ya rasa mai, an yi wani ɗan bawul mai sifirin da ke buɗewa ya bar man ya wuce ba tare da an tace shi ba. Injiniyoyi ma sun yarda da cewa da babu gara ba daɗi. A wasu injina wannan bawul yana jikin mazaunin filta, a wasu kuma yana cikin ita filtar. Idan injin ya dogara da na cikin filta, aka sa masa wadda ba ta da shi, ranar da ta toshe takarda na iya yagewa ko mai ya yanke. Idan kuma sifirin ɗin ya cika laushi, ƙofar za ta riƙa buɗewa ba dalili, mota na yawo da filta amma man datti inji ke sha. Wannan kuskure ya fi wuyar ganewa, domin ba yoyo, ba ƙara, ba fitila. Ido ba ya auna ƙarfin sifirin. Shi ya sa ake bin lambar da ke jikin filta, a dace ta da wadda littafin mota ko jadawalin kamfanin filta ya nuna.

Na biyar: tsawo. A mazaunin filtar MGB akwai wani siririn bututu da ke shiga cikin filtar ta ramin tsakiya. Idan aka sa gajeriyar filta, bakin bututun na iya tokarar ƙarshenta, hanyar mai ta matse, ƙarfin mai ya faɗi. A Land Rover mai kwano kuwa akwai doguwar takarda akwai gajeriya, gwargwadon shekarar injin. Idan aka sa gajeriya a dogon kwano ba za ta danne sama ba, mai zai zagaye ta ya wuce abinsa. Dattijon nan ya ciro wani tsohon kwano daga cikin komatsansa ya nuna mini sifirin da faifan ƙarfen da ke ƙasansa, masu tura takarda sama. Ya ce sau da yawa faifan yakan manne a jikin tsohuwar takarda, yaran gareji su jefar da su tare ba su sani ba, daga ranar kuma filtar ta zama ado.

Hattara da jabu

Ko an sami lambar da ta dace, saura a tabbatar da ingancin abin. Kayan gyaran mota suna zuwa mana ta Sakkwato, da Kano inda kasuwar Ƙofar Ruwa take, da Maraɗi ta kan iyaka, suna bi ta hannaye da yawa kafin su iso. A ciki akwai na gari akwai jabu. Hukumar SON, mai kula da ingancin kaya a Najeriya, ita ke da alhakin yaƙar jabu, amma ba za ta raka kowa kasuwa ba. Ga abin da mai saye zai iya yi da kansa:

1. Ya ɗaga ta ya ji nauyi. Jabu yawanci shafal take, domin an rage takarda da kaurin ƙarfe.
2. Ya duba rubutun jiki da na kwali. Rubutun da ya dushe, ko ya karkace, ko aka yi kuskuren harafi, alama ce.
3. Ya leƙa ramin tsakiya. Tsatsa, ko ɓurɓushin ƙarfe, ko warin fetur na nuna tsohuwa ce aka wanke aka sake fenti.
4. Idan sabuwa ce fil mai tsabta, ya goge bakin ya hura iska ta ramin tsakiya. In iska ta fito ta ƙananan ramuka, bawul ɗin hana komawa ba ya aiki.
5. Ya girgiza ta. Bai kamata a ji wani abu na yawo a ciki ba.

Kuɗin filta mai kyau bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin sauke inji. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa

A tabbatar tsohuwar roba ta fito tare da tsohuwar filta. Idan ta manne a mazauni aka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu ba sa riƙe mai. A shafa ɗan sabon mai a robar sabuwa. A murza da hannu. Filtar da ta dace tana tafiya sumul, ba tauri ba girgiza. Idan robar ta taɓa ƙarfe, sai a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ba a sa mata sifana. Bayan an zuba mai a tayar da inji ba tare da an taka totur ba, a ga jar fitila ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a kashe, a jira kaɗan, a sake duba geji.

Tsohon man da aka juye kuma a tara shi a jarka. Kada a zubar kusa da rijiya ko gulbi ko fadama, kada kuma a shafa shi a miki, na mutum ko na dabba. Duk dattin da muka lissafa a sama yana cikinsa.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce, mu da ba mu da ko keke, ina ruwanmu da MGB? Ku duba kewayenku. Janaretan dizal, da tarakta, da motar da ke kai iyayenmu kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da wadda ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti, duk da filta suke aiki, kuma ƙa'idojin nan biyar ba su canza ba. Cikinmu akwai masu zuwa gareji bayan an tashi makaranta. Yaron garejin da ya iya karanta 3/4-16, ya san dalilin da ya bambanta da M20 x 1.5, ya riga ya shiga gaban sa'o'insa. Da inci da milimita da faɗin da'ira, duk a aji muke koyonsu.

A ƙarshe kawuna bai yi juye a ranar ba. Ya kwana biyu yana jira har wani direba ya taho masa da filtar da ta dace daga Sakkwato. Ya yi ta mitar kasuwar da ta wuce shi. Motar dai har yanzu tana kan hanya.

Tambayoyin mako

1. Mai da inci 5/8 zuwa milimita.
2. Filta mai tazarar haƙori 1.5 ta hau ƙarfe mai tazarar 1.59. Bayan zagaye biyar, milimita nawa haƙoran suka saɓa?
3. Idan faɗin robar filta santimita 6 ne, ƙarfin mai kuma kilo 4 a kan kowane murabba'in santimita, kilo nawa ke tura filtar?
4. Me ya sa filtar da ke zaune a kife ta fi bukatar bawul ɗin hana mai komawa?

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Malamanmu na lissafi da na fasaha, idan kun ga gyara muna maraba da shi.

Allah ya kiyaye hanyoyinmu, ya maido mana da zaman lafiya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.

Daga sashen Kimiyya da Fasaha, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta